Hoton Matan Kamfani: Aikin Matan Bagwai a Zamanin Yaƙin Hitila

A wani gida na manoma cikin garin Bagwai, kudu maso yamma da Bichi, a ƙasar Kano, akwai wani tsohon hoto wanda ya daɗe cikin adaka, a naɗe da tsumma tare da tsofaffin takardun haraji. Girmansa bai fi tafin hannu ba, gefensa guda kuma gara ta taɓa. A cikinsa ana ganin mata tara a gaban wata rumfar kwano. Huɗu suna riƙe da taɓare a bakin turame, uku suna zaune da faifai bisa cinya, biyu kuwa sun ɗaga ƙore sama suna sheƙa. A bayansu ga buhuna an jera, ga sikeli a rataye, ga jakai da mangaloli. Can gefen dama wani soja yana tsaye da malafa, ya dafa kafaɗar wata yarinya wadda ba za ta wuce shekara goma sha uku ba.

Yarinyar nan ita ce kakar mutanen gidan, sojan kuwa wanta ne. Ta rasu da daɗewa. Abin da ta bari game da hoton magana ce guda, watau cewa a zamanin yaƙin Hitila ta yi aikin kamfani. Wannan magana ta raba gidan biyu. Jikoki 'yan makaranta, da ya ke sun saba ganin hotunan matan Ingila da na Amurka suna ƙera harsashi da jiragen sama, sai suka ɗauka kakarsu ma a masana'anta ta yi aiki, suna alfahari da haka. Dattawan gidan kuwa ba su son a riƙa fito da hoton, gama a ganinsu mace a fili tana daka don kuɗi alama ce ta talauci, ko ma abin da ya fi talauci nauyin faɗi, watau asalin bauta. To, hoton yana da nasa bayani, in an bi shi sannu a hankali, kuma bayanin nan ya saɓa wa ɓangarorin biyu duka.

Shekarar da Aka Ɗauki Hoton

Tsohon hoto kamar baƙo ya ke, kafin a tambaye shi labari sai an san inda ya fito. Babu shekara a rubuce a bayan wannan, amma akwai alamu huɗu a cikinsa.

Ta farko, bisa ƙyauren rumfar an zana harafin V da farar ƙasa. Wannan harafi shi ne alamar nasara ta Ingila da abokanta, kuma a 1941 aka fara yaɗa shi ta gidan rediyon B.B.C., sa'an nan Firayim Minista Churchill ya riƙa nuna shi da yatsu biyu. Saboda haka hoton bai riga 1941 ba.

Ta biyu, turmi da taɓarya. Ƙaramin injin ɓarar gyaɗa wanda a ke juyawa da hannu bai bazu cikin ƙauyukan Kano ba sai a shekarun 1950, sa'ad da hukumar cinikin gyaɗa ta fara ƙara kuɗi ga gyaɗar da ƙwayarta ba ta farfashe ba. Turmi yana fasa ƙwaya da yawa, don haka ɗan kasuwa mai tarin buhuna irin na hoton nan ba zai tsaya ga turmi ba bayan injin ya samu.

Ta uku, lokacin shekara. Akwai kuka a bayan rumfar, ba ganye ko ɗaya a kanta, sararin sama kuma ya yi fari da hazo. Wannan rani ne, bayan kaka, lokacin da a ke buɗe cinikin gyaɗa.

Ta huɗu ita ce ta fi ƙarfi. In an duba hannun rigar sojan da madubin ƙara girma, za a ga lamba mai masu biyu a gicciye bisa wani zobe. Zoben nan gammo ne, irin wanda 'yan alaro ke ɗorawa a ka. Ita ce lambar Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a watan Agusta na 1943. 'Yar'uwarta, Runduna ta 81, gizo-gizo ne lambarta. Runduna ta 82 ta tashi zuwa Indiya a tsakiyar 1944, daga nan ta shiga ƙasar Bama, ta yi yaƙi da Jafan a yankin Arakan, sojojinta kuma suka komo gida a 1946. Mutanen gidan sun haɗu bisa cewa wan yarinyar nan bai komo daga Bama ba. In haka ne, rani guda kaɗai ya rage tsakanin kafa rundunar da tashinta, watau daga ƙarshen 1943 zuwa farkon 1944. Wannan kuma ya bayyana dalilin ɗaukar hoton. A zamanin nan talakan ƙauye ba ya biyan mai hoto, amma soja mai albashi wanda ya zo sallama yana iya biya, don ya bar wa gida kamanninsa.

Abin da Ta Ke Nufi da Kamfani

Rikicin gidan nan daga kalma guda ya taso, saboda haka ya kamata a tsaya a kanta. Kamfani kalma ce da Hausa ta aro daga Ingilishi, ta gyara ta bisa tsarin bakinta. Sautin da Turawa ke rubutawa da harafin p ya koma f, kamar yadda ya faru ga fam da fensir. Haka kuma sikeli, inda aka cusa wasali tsakanin baƙaƙe biyu na farko, gama Hausa ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu a jere. Kalmomin nan, tare da kanti da akawu da lebura, sun shigo ne ta hanyar ciniki, tun kafin ilmin boko ya kai ƙauyuka.

To, a bakin mutumin Kano na 1943, kamfani ba wurin ƙira ba ne. Kamfani shi ne gidan ciniki na Turawa, wanda ke sayen gyaɗa da auduga da fata da ƙirgi, yana sayar da akoko da alawayyo da gishiri da kananzir. Babbansu shi ne U.A.C., wanda aka kafa a 1929 bayan an haɗe Kamfanin Neja da wani babban kamfani abokin gasarsa. Akwai kuma Janhol, da kamfanonin Faransawa irin su C.F.A.O. da S.C.O.A. Duk wanda ke saye da sunansu, ko Bakware ne ko Bahaushe, shi ma mutanen ƙauye kamfani su ke ce da rumfarsa.

Wurin da a ke yin wata sana'a kuwa, Hausa tana da hanyarta ta sa masa suna tun fil azal. A kan sa ma- a gaba, a ƙare da -a, sai a sami marina, da majema, da maƙera, da masaƙa, da mahauta. A kan wannan gwado ne aka gina masana'anta daga sana'a, kalmar da rediyo da jaridu suka yaɗa daga baya, sa'ad da manyan ma'aikatu suka samu, kamar masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957. Bayan nan ne ma'anar kamfani ta faɗaɗa, har mutumin da ke aiki a Bompai ko Sharaɗa ya ce yana aikin kamfani. Jikokin sun ji kalmar da kunnen zamaninsu, alhali kakarsu ta faɗe ta da bakin nata zamani. Gaskiya ta faɗa, ta yi aiki a rumfar awon gyaɗa, kuma ga sikelin nan a hoto yana ba da shaida.

Gyaɗa da Yaƙi

Kada mai karatu ya zaci wannan ya rage darajar aikin. Don a gane haka sai a koma baya kaɗan. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, aka buɗe ta ga ciniki a 1912. Turawa auduga su ke fata, amma manoman Kano suka zaɓi gyaɗa, domin ƙasarsu jigawa ce, gyaɗa kuma in kasuwa ta ƙi ana iya ci, harawarta ma abincin dabbobi ce. A 1912 gyaɗar da Nijeriya ta fitar ba ta fi ton 2,500 da 'yan kai ba, amma a 1913 ta haura ton 19,000. Fatake irin su Alhassan Ɗantata, waɗanda suka saba da hanyar Gwanja, su ne suka baza yaransu cikin ƙauyuka suna ba da kuɗi suna tara gyaɗa. A 1937 abin da aka fitar ya wuce ton 300,000.

Da yaƙi ya tashi a watan Satumba na 1939, mai ya zama abin nema a Ingila. Tun 1940 gwamnati ta sa ƙa'ida ga man shanu da man girki, kowane mutum da ɗan abin da za a sayar masa a mako. Sa'an nan Jafan ta kama Malaya, ta ci Singafo ran 15 ga Fabrairu 1942, ta mamaye tsibiran da Holanda ke mulki, waɗanda yau a ke kira Indonesiya. Da haka Ingila ta rasa manyan wuraren da ta ke samun man kwakwa da roba da kuza. Ido ya komo kan Afirka ta Yamma. A 1942 aka aiko Lord Swinton ya zauna a Ankara, yana Minista mai kula da aikin yaƙi na ƙasashen nan huɗu na Ingilishi, aka kuma kafa hukumar sayen amfanin gona ta Afirka ta Yamma, wadda ta riƙa yanka farashi, kamfanoni suna saye a madadinta.

A lardunan Arewa abin ya zo ta fuska uku. Aka ɗebi samari aikin soja. Aka ɗebi waɗansu dubbai aikin tilas a ramukan kuza na Jos daga 1942 zuwa 1944, inda sanyi da ƙarancin abinci da cuta suka kashe da yawa. Aka kuma matsa wa manoma su ƙara gyaɗa. Umurni ya kan fito daga Razdan zuwa ga Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, daga gare shi zuwa hakimai, da dagatai, da masu unguwa. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a watan Janairu na 1939, ita ce ke kai labarin yaƙi inda duk akwai mai karatu.

Ga inda mata suka shigo. Gyaɗar Sanagal da ta Gambiya a zamanin nan da ɓawonta a ke ɗora yawancinta a jirgin ruwa, gama gonakinsu ba su da nisa da teku. Ta Kano kuwa sai ta yi tafiyar mil 700 a jirgin ƙasa kafin ta kai Ikko, ba kuwa mai biyan kuɗin dakon ɓawo. Saboda haka a ɓare a ke fitar da ita. Kimanin buhu 13 ke yin ton guda, watau ton 300,000 ya tasam ma buhu miliyan huɗu. Kafin injin ya zo, kowace ƙwaya cikin buhunan nan ta bi ta turmi da faifai, turmi da faifai kuwa a ƙasar Hausa kayan mata ne. Dalar gyaɗa ta Kano, wadda a ke cewa guda ɗaya ta kan ci buhu 15,000, maza ne suka jera ta, amma mata ne suka ɓare abin da ke ciki.

Su Wa ke Cikin Hoton

Yanzu sai a duba matan ɗaya ɗaya. Biyar daga cikinsu tsofaffi ne, furfura na leƙowa ta ƙarƙashin ɗan kwali. Uku 'yan mata ne da ɗaurin ƙirji, ciki har da kakar gidan. Ɗaya ce kaɗai mai matsakaicin shekaru. Babu mai goyo ko guda. Wannan ba tsautsayi ba ne. Matan aure masu ƙuruciya suna cikin gida, fita kuwa ta 'yan mata ce masu talla, da zawarawa, da gyatumai waɗanda girma ya ɗauke musu kulle.

Tsoron dattawan gidan yana da tushe cikin tarihi, ba a raina shi. A ƙarni na 19 bayi mata ne ke noma a rinji da gandu, 'ya'ya mata na masu hali kuwa suna gida. Dokar Turawa ta ce duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris 1901 ɗa ne, a 1936 kuma aka soke bauta ɗungum a Arewa. Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, aka buga shi a 1954, ta nuna yadda zaman rinji ya watse. Masana da yawa sun lura cewa matan da suka fita daga bauta sun riƙa barin aikin gona suna shiga kulle, don a san sun zama 'ya'ya. Daga nan fita aiki ta sami tabo. Amma wannan bai shafi yarinya mai shekara goma sha uku ba. 'Yar malam da 'yar attajiri da 'yar talaka duk suna talla, duk suna neman abin da za a tara musu na kayan ɗaki. Tsayuwar yarinyar nan a bakin turmi ba ta faɗin kome game da asalin gidansu. Abin da ta ke nunawa shi ne ba a yi mata aure ba tukuna.

Ya kamata kuma a gane cewa matan hoton kaɗan ne daga cikin masu aikin. Yawancin manoma a gida a ke ɓare musu gyaɗa kafin su ɗora wa jaki, a biya matan da mudu ko da 'yan anini da kwabbai. Rumfar awo ba ta ɗaukar mata sai in mai saye ya tara gyaɗa mai ɓawo, ko kuwa in an kawo wadda ke da tsakuwa da ƙasa, ana so a bakace ta kafin a ɗinke buhu da basilla. Watau bayan kowace mace da ke cikin hoton nan akwai ɗaruruwa a bayan danga, waɗanda mai hoto ba shi da ikon shiga wurinsu.

Tufafin matan ma suna da magana. Bakwai daga cikin tara saƙi ne a jikinsu da gwado, saƙar gida. A shekarun yaƙi jiragen ruwa sun koma dakon soja da makamai, yadin kanti ya yi wuya, ya yi tsada, kamar yadda gishiri da kananzir suka yi. Sai mazari ya sake samun kasuwa. Mata suka duƙufa ga gurza da shiɓa da kaɗi, masaƙa da marina suka farfaɗo. Macen da ta wuni tana ɓarar gyaɗa don Ingila, da dare ita ce ke kaɗin zaren da zai rufe wa gidanta asiri. Ga kuma hatsi da ya yi ƙaranci, domin ana saye ana kai wa soja da leburorin kuza, har a ƙasar Katsina mutane suna tuna yunwar 1942 da sunan 'Yar Gusau. A irin wannan shekara mudun da yarinya ta kawo gida ba abin wasa ba ne.

Bambanci da Matan Turai

A Ingila dokar watan Disamba na 1941 ta ba gwamnati ikon kiran mata marasa aure, 'yan shekara 20 zuwa 30, su shiga aikin yaƙi. An rubuta sunayensu, an ba su lamba da tufafin aiki da albashi, gwamnati ta aika masu hoto don a nuna wa duniya. Shi ya sa yau jikan irin waɗannan mata ya kan ɗauki hoton kakarsa, ya duba rigar aikinta, ya je ma'ajiyar takardu ya sami sunan ma'aikatar. A ƙasar Kano ba a yi wa mata haka ba. Takardun En'e da rahotannin Razdan da ke ajiye a Kaduna suna lissafin ton, da kuɗin haraji, da jangali, da yawan mazan da aka ɗauka soja. Aikin turmi ba ya shiga lissafi, domin a ganin masu rubutun aikin gida ne. Injinan matse man gyaɗa da Kwarori suka fara kafawa a Kano a shekarun 1940 kuwa maza ne leburorinsu.

Don haka wanda ya sami irin wannan hoto a gidansu, hanyar da zai bi dabam ce. Ya fara da tsofaffi tun suna da rai, ya rubuta maganarsu da kalmomin da suka faɗa, kada ya musanya kamfani da masana'anta, ko kanti da shago, gama a cikin kalmar ne shaida ta ke. Ya duba bayan hoton ko akwai hatimin mai ɗauka, da ya ke yawancin masu hoto na zamanin mutanen Sabon Gari ne. Ya ƙidaya kayan aiki, ya lura da itatuwa da tufafi, ya tambayi kansa wa ya biya kuɗin hoton, don me kuma. Sa'an nan ya sa a ɗauki hoton hoton, ya mai da na asali cikin takarda mai tsabta, nesa da danshi da rana.

Ƙarshe

Gyaɗar da ta ɗaukaka Kano ta faɗi. Farin 1972 zuwa 1974, da cutar da ta auka wa gyaɗa a 1975, da kuɗin man fetur, suka taru suka kawar da dala. Bagwai kanta ta sāke kama tun da aka gina madatsar ruwa ta Watari a ƙarshen shekarun 1970, yau shinkafa da tumatir da albasa ne ke kawo kuɗi a rani. Rumfar da ke cikin hoton babu ko tushenta.

Amma hoton ya tsaya, kuma abin da ya ke faɗi a fili ya ke. A ranin 1943 zuwa 1944 ɗa da 'ya na gida guda sun tsaya gaban mai hoto, kowannensu yana aikin yaƙi ɗaya. Shi an ba shi lamba da albashi, sunansa kuma ya shiga littafin soja. Ita an biya ta da mudu, ba a rubuta ta ko'ina ba. Lambar da ke hannun rigarsa gammo ce, abin da ita ke ɗorawa a ka kullum safiya in za ta tafi rumfar awo da turmi. Jikokin ba su da bukatar su ƙaga mata masana'anta kafin su yi alfahari da ita, dattawan kuma ba su da abin ɓoyewa. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wan ya tafi Bama bai komo ba, ƙanwar ta zauna ta riƙe gidan, ta kuma riƙe hoton har ya kai ga jikoki. Allah ya ji ƙansu baki ɗaya, amin.